Rosetta Tharpe, Mai Yabon Allah da Jita

An haifi Rosetta Tharpe a jihar Arkansas ta Amurka a 1915. Ana kiranta Sista, amma ba irin Sistocinmu ba ce. 'Yar ikilisiyar Fentikos ce. Tun tana shekara 6 take kaɗa jita a wuraren wa'azi tare da mahaifiyarta. Da ta kama jitar lantarki, sai ta riƙa ƙure amfilifaya har sautin ya yi kaushi, irin wanda mukan ɗauka lalacewar na'ura ce in mun ji shi a coci. Da shi ta yabi Ubangiji. Masu bi da yawa sun juya mata baya don ta kai waƙoƙin bishara gidajen rawa tun 1938. Ta rasu a Filadelfiya a 1973, kabarinta kuwa ya fi shekara 30 babu dutsen shaida.