Malam Nasiru Kabara: Shehin da ya yaɗa zikirin anfasu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a halkar 'yan Kadiriyya, ko nan Garki a Abuja, ko Sabo ta Ibadan, ko Agege, ya san lokacin da murya ke ja baya, sai numfashi kawai kake ji yana fita daga ƙirji. Wannan shi ne zikirin anfasu, kuma a ƙasar Hausa ba a maganarsa sai an ambaci Shehu Muhammadu Nasiru Kabara.

An haife shi a Guringawa, kusa da Kano. Kakansa na nesa, Malam Umaru, daga Kabara ya zo, wani gari dab da Tumbuktu a Mali, shi ya sa unguwarsu a birnin Kano ta ci wannan suna. Ya tashi a hannun Malam Ibrahim Natsugune, a nan ya yi karatu mai zurfi kuma ya karɓi ɗarika. Daga baya ya sami izinin Sammaniyya, wadda ta yi ƙarfi a Sudan. A 1953 ya je Bagadaza, inda kabarin Shehu Abdulkadir Jilani yake, ya ƙulla alaƙa da zuriyarsa.

Yadda ake anfasu ba wuya a ido, amma sai da horo. Ana farawa da hailala a hankali, a koma sunan Allah kaɗai. Can sai a haɗa sunan da numfashi, shiga da fita, kowa a kan ƙa'ida ɗaya, bandiri yana riƙe musu lokaci. Manufar ita ce kada numfashi ko ɗaya ya wuce cikin gafala. Wanda hankalinsa ya tafi kasuwa, nan take zai saɓa da jama'a, dole ya dawo.

Malam ya fito da ɗarikar daga zaure zuwa fili. Shi ya kafa maukibin Kadiriyya da ake yi duk shekara a watan Rabi'us Sani. Ya daɗe yana tafsirin azumi a gidan Sarkin Kano, ya kuma fassara Alkur'ani zuwa Hausa.

Bai rasa masu suka ba. Malam Abubakar Gumi, da Izala da aka kafa a Jos a 1978, sun ce bandiri a masallaci bidi'a ne. Malam Nasiru ya kare matsayinsa da rubutu da karatu, har yau kuma muhawarar ba ta mutu ba.

Ya rasu a watan Oktoba 1996, ɗansa Ƙaribullahi ya gaje shi.

Mahaifina fataucin shanu yake. Ya kan kwana biyu a bayan tirela zuwa Kudu, ga shingaye, ga fargaba. Abin da ya riƙe a hanyar nan shi ne carbi da numfashinsa, kamar yadda almajiran Malam suka koya masa.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa Aljanna makoma.