Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ciwon ido

Duk ɗalibin da ya fito daga Dingyaɗi ko Boɗinga ya san Sifawa, garin da Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ɗansa Muhammadu Bello kuwa, yawancinmu iyakar saninmu da shi darasin tarihi: an haife shi a 1781, ya yi yaƙi, ya kafa Sakkwato a 1809, ya zama Sarkin Musulmi a 1817. Shi ke nan, sai a rufe littafi.

Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, bawan Allahn nan ya yi rubutu kan magani ba kaɗan ba. Yana da littafi kan basir, yana da wani kan ido kawai, mai suna Masugul Lujaini. Ku duba fa, ga mulki, ga rigimar Gobirawa ba ta kwanta ba, amma ya zauna ya rubuta yadda za a yi da ciwon ido.

Lamarin kuwa ya kai a zauna masa. A ƙasar ƙura da hunturu ido ne ke fara jin jiki, kuma launinsa kan tona abin da ke ɓoye. Likitocin yau sun bayyana dalilan. In farin ido ya koma rawaya, shawara ce, galibi daga hanta ko jini. In tsakiyar baƙin ya yi fari, yana ce, wadda har gobe ita ce kan gaba wajen makantar da tsofaffinmu. Zoben toka-toka da ke kewaye baƙin idon dattijai kuwa kitse ne ya kwanta, ba ya hana gani.

A 1824 Baturen Birtaniya Clapperton ya iso Sakkwato. Cikin abubuwan da Bello ya nema har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Ni dai nan ya fi burge ni: mai littafin ido sukutum bai ɗauka ya gama sani ba. Mu kuwa ido na yin ja sai kemis, alhali wasu magungunan ɗigawar, in an daɗe a kansu ba da sanin likita ba, su ke jawo yana da hawan jinin ido.

Clapperton ya dawo a 1826, ba likita tare da shi, ya kuma mutu a nan a 1827. Bello ya ƙarasa yawancin shekarunsa na ƙarshe a ribaɗinsa na Wurno, inda ya rasu a 1837. Can kabarinsa yake.