Hendrick Avercamp: Beben Kampen da ya zana rayuwar Holan a kan ƙanƙara

An haifi Hendrick Avercamp a birnin Amsterdam na ƙasar Holan a watan Janairun 1585. Shekara guda bayan haka iyayensa suka koma Kampen, wani tsohon garin fatake da ke bakin kogin IJssel, inda mahaifinsa Barent ya zama mai haɗa magunguna na gari. Yaron ya taso ba ya magana, kuma akasarin masana tarihi na ganin ba ya ji. Shi ya sa aka yi masa laƙabi da Beben Kampen, sunan da ya bi shi har kabari.

Da ya zama saurayi sai aka mayar da shi Amsterdam don koyon zane a wajen Pieter Isaacsz. A lokacin birnin cike yake da masu zane da suka gudo daga yankin Filandas saboda yaƙi da Sifaniya, kuma sun zo da salon Pieter Bruegel na cika allo da ɗimbin ƙananan mutane. Wannan salo ne Avercamp ya ɗauka, ya kai shi kan ƙanƙara.

Zamaninsa ma ya ba shi abin zanawa. Turai na cikin wani dogon zango na matsanancin sanyi da masana ke kira Ƙaramin Zamanin Ƙanƙara, kuma hunturun 1607 zuwa 1608 na cikin mafi tsanani. Koguna da magudanan ruwa kan daskare na tsawon makonni. A ƙasar da jiragen ruwa ne ke jigilar abinci da makamashi, wannan ba ƙaramar musiba ba ce ga talaka, amma kuma ruwan da ya daskare yakan zama titi, ya zama kasuwa, ya zama dandali.

Mafi shaharar ayyukansa, wanda ya yi wajejen 1608 kuma ke ajiye a gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam, ya tara ɗaruruwan mutane a allo ɗaya. Ga masu hannu da shuni cikin tufafin alfarma, ga masoya suna zamiya hannu riƙe da hannu, ga 'yan wasan kolf, wato wani wasa na sanda da ƙwallo mai kama da ƙwallon gora. Ga kuma masu neman na abinci: wani na ɗiban ruwa ta ramin da aka fasa a ƙanƙara, wani na ɗauke da damin ciyayi. Bai tace komai ba. A wata kusurwa kare da hankaki na cin mushen doki, can kuma wani ya tsuguna yana biyan buƙata. Mutumin da ba a iya yin hira da shi ya fi masu baki lura da abin da jama'a ke yi, kuma ya zana su ba tare da wa'azi ko ba'a ba.

Wajejen 1613 ya koma Kampen, bai sake barin garin da zama ba. A zane-zanensa na baya ya sauko da idon mai kallo ƙasa, kamar yana tsaye cikin taron, mutanen nesa kuma na narkewa cikin hazo. Ganuwar gari da ƙofofinsa, hasumiyoyin coci da injinan iska suna bayyana a baya, wani lokaci na Kampen ne na gaske, wani lokaci ƙirƙira ce tasa. Ya kuma yi zane-zane masu yawa a takarda da fentin ruwa, waɗanda tarinsu mafi girma ke fadar Windsor a Ingila.

Duk da kasuwar da ayyukansa suka samu, hankalin mahaifiyarsa Beatrix bai kwanta ba. A 1633, daf da rasuwarta, ta yi wasiyya a ware masa kuɗin ciyarwa na shekara-shekara ban da rabonsa na gado, don kada ya zama nauyi ga 'yan'uwansa. Bai daɗe yana cin moriyar wannan tanadi ba. Ya rasu a watan Mayun 1634 yana da shekara 49, aka binne shi a cocin Sint Nicolaas da ke Kampen. Ɗan ɗan'uwansa, Barent Avercamp, shi ne ya ci gaba da zanen hunturu a irin salonsa har zuwa rasuwarsa a 1679.