Jimi Hendrix: Yaron da Ya Fara Kiɗa da Tsintsiya

Yau mun kawo muku tarihin wani bahagon makaɗin jita, baƙar fata ɗan Amurka, mai suna Jimi Hendrix.

An haife shi a birnin Siyatil ranar 27 ga Nuwamba, 1942, a gidan talakawa. Yana ƙarami ba shi da jita, sai ya riƙa rungumar tsintsiya mai dogon mariƙi yana yi kamar yana kaɗawa. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 15. A shekarar ce ya samu jitarsa ta farko, a kan dala 5. A 1959 mahaifinsa ya saya masa mai amfani da lantarki. Bai iya karanta rubutun kiɗa ba, da kunne ya koya.

Ya shiga soja a 1961, ya fito a 1962. Daga nan ya riƙa yi wa manyan mawaƙa kiɗa, irin su Little Richard. Sai da ya koma Landan a 1966 sannan duniya ta san shi. Da yake bahago ne, yakan juya jitar masu hannun dama, ya sake jera tsirkiyoyinta.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne yadda yake gina waƙarsa. Da farko a ɗauki ganga da kiɗan da zai riƙe waƙar. Sai ya saurara, ya ɗora wata jitar a kai, ya ƙara wata. Akwai kuma gaɓar da murya take yin shiru, jita ta yi magana ita kaɗai. A waƙarsa Castles Made of Sand, an juya kiɗan wannan gaɓa, ana jin sa daga ƙarshe zuwa farko. Idan kiɗa bai yi masa ba, sai ya yi ta maimaitawa har abokan aikinsa su gaji.

Ya gina ɗakin ɗaukar waƙa nasa a Niyok, aka buɗe shi a Agusta 1970. Amma bai more shi ba. Ranar 18 ga Satumba, 1970, ya rasu a Landan bayan ya sha ƙwayoyin barci fiye da kima. Shekarunsa 27 kacal.

Har yau ana koyi da shi. Bombino, makaɗin jita ɗan Agadas a Nijar, yana yaro ya riƙa kallon bidiyonsa yana koyo.

Mu dai mun ɗauki darasi biyu. Rashin kayan aiki bai hana shi farawa ba. Amma ƙwaya ba ta san gwani ba, cikin dare ɗaya ta raba shi da duk abin da ya sha wuya a kai. Allah ya kiyaye mu.