Mary Slessor: Macen da Titi Ya Riƙe Sunanta

Karanta: Romawa 16:1-16

Ya kai mai karatu, ka lissafa manyan titunan garinku. A Yamai akwai titin Mali Bero, a Kaduna akwai titin Ahmadu Bello, a Akara akwai titin Kwame Nkrumah. To, na mata nawa ka iya kawowa? Kaɗan ne ƙwarai. A Kalaba, a kudancin Nijeriya, akwai ɗaya: titin Mary Slessor.

An haife ta a Abadin, ƙasar Sikotilan, ranar 2 ga Disamba 1848. Mahaifinta baduku ne, giya kuwa ta cinye shi. Da suka koma garin Dandi, Mary tana shekara 11 ta shiga aikin masaƙa, rabin yini aiki, rabin yini makaranta. Mahaifiyarta ce ta koya mata tsoron Allah, ta kuma riƙa ba ta labarin aikin bishara a Kalaba.

A 1876 ta sauka Kalaba. Ta koyi harshen Efik, ta ci abincin mutanen, ta kwana a ɗakin laka irin nasu. A wancan zamani, a wasu ƙauyukan yankin, idan mace ta haifi tagwaye akan ce mugun ruhu ne uban ɗayansu. Sai a yar da jariran a jeji, a kori uwar. Mary ta riƙa ɗauko su tana reno. Ɗaya daga cikinsu, Janie, ta girma a hannunta ta zama 'yarta.

A 1888 ta shiga ƙasar Okoyong, inda baƙi ke tsoron zuwa. A can ta tsaya a kan a daina kashe mata da bayi idan basarake ya mutu. A 1892 aka ɗora mata shari'a a kotun yankin. Zazzaɓin cizon sauro ya sha kayar da ita, amma ba ta bar aikin ba har ta rasu ranar 13 ga Janairu 1915.

Sai dai ka lura, ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Akwai Ma Eme, 'yar'uwar basarake Edem, wadda takan sanar da ita a ɓoye idan ana shirin zub da jini. Mutane kaɗan ne suka san sunanta yau.

Me ya sa wannan ya dame mu? Domin yaro yakan tambayi sunan da yake ji kullum a bakin direba da mai babur. Sunan da ba a kira, labarinsa yakan mutu. 'Yarka kuma, idan ba ta taɓa ganin sunan mace a allon titi ba, za ta ɗauka mata ba su yi kome ba.

Manzo Bulus bai yi haka ba. A ƙarshen wasiƙarsa zuwa ga Romawa, da Fibi ya fara, ya kuma ambaci Maryamu da wasu mata da suka sha wahala cikin aikin Ubangiji, kowacce da sunanta.

Wataƙila ba ka da ikon raɗa wa titi suna. Amma ka san ungozomar unguwarku, da matar da ta koya maka karatu, da gwauruwar da ta riƙe marayu. Ka faɗa wa 'ya'yanka sunayensu yau.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka koya mana mu tuna da bayinka mata, mu girmama wahalarsu. A cikin sunan Yesu, Amin.