TAƘAITACCEN TARIHIN SHEHU MAGHILI DA ZAMANSA A BIRNIN GAO

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almaghili, Allah Ya yarda da shi, an haife shi a Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau. Ya yi karatu a wajen Shehu Abdurrahman Assa'alibi, ya zauna a Tuwat, sannan ya ratsa Sahara ta Azbin har ya iso Kano da Katsina. A Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Magabata suna lissafa shi cikin waɗanda suka fara kawo ɗariƙar Ƙadiriyya ƙasashenmu.

Daga nan ya nufi Gao, hedikwatar daular Songhai, a gaɓar Kogin Kwara. Tsohon birni ne na fatauci wanda marubutan Larabawa suka ambata tun ƙarni na 9, kuma Ibn Battuta ya ziyarce shi a 1353. A maƙabartar Sane, kusa da birnin, an samu duwatsun kaburburan sarakuna na ƙarni na 12, wasunsu daga Andalus aka kawo su. Har yau hubbaren Askiya yana tsaye, ginin ƙasa mai tsawon mita 17.

Askiya Muhammadu, wanda ya hau mulki a 1493, ya gabatar wa Shehu tambayoyi a kan sarakuna azzalumai, da malaman banza, da masu gauraya Musulunci da al'adun jahiliyya. Shehu ya amsa masa bisa hujja, ba tare da tsoro ko kwaɗayi ba. Yana Gao labarin kisan ɗansa ya riske shi, ya koma Tuwat, inda ya rasu wajen shekarar 909 bayan Hijira.

Mayaƙan Maroko sun karya daular Songhai a 1591, amma amsoshin nan sun wanzu a hannun malamai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya shekara biyar yana wa'azi a nan Zamfara, har da zamansa a Faru, ya kafa hujja da su a littattafansa.

Ya 'yan'uwa, gadon da aka bar mana ke nan: zikiri tare da ilimi, da faɗa wa shugabanni gaskiya cikin ladabi. Allah Ya ba mu albarkacinsu, amin.