Bobby Locke: Gwanin da ya horar da kunnensa a bakin rami

A wasan golf, bugun da ya fi kunyata manyan 'yan wasa shi ne na taku uku ko huɗu daga bakin rami. A wannan ɗan taƙi ne Bobby Locke, wanda aka haifa a Germiston ta Afirka ta Kudu a 1917, ya kafa sunansa.

Salonsa ya saɓa wa abin da masu koyarwa ke so. Yakan ja ƙafar dama baya, ya riƙe tsohuwar sandarsa mai ƙotar itace sako-sako, ya daɗe yana nazarin inda ciyawa ta kwanta. In ya buga, ba ya saurin ɗaga kai ya bi ƙwallo da ido, sai ya saurari ƙarar faɗawarta cikin rami. Dalilin a fili yake: wanda ya yi gaggawar leƙe yakan motsa kafaɗa, fuskar sanda ta karkace, ƙwallo ta goge bakin rami ta wuce. Har yau ana sa masu koyo su jera ƙwallaye kewaye da rami, su yi ta bugawa kai a sunkuye, kunne na jiran sakamako.

Bayan ya tuƙa jiragen yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, ya nufi Amurka a 1947, ya lashe gasa 6 a shekarar. A 1949 hukumar PGA ta haramta masa wasa, wai ya ƙi halartar wasannin da ya yi alkawari, amma da yawa sun ɗauka tsabar cin kuɗin da yake yi ne ya tsone wa 'yan gida ido. Ya lashe British Open sau huɗu, a 1949, 1950, 1952 da 1957.

Sai dai wanda ya ɗanɗana wariya a ƙetare ɗan gata ne a gida, inda dokokin wariyar launin fata suka bar wa baƙaƙe ɗaukar jakar sanduna. Bayan jirgin ƙasa ya banke motarsa a 1960, lafiyarsa da halinsa suka tabarbare. A shekarun 1970 ya harbi wani baƙar fata ɗan ƙwadago a kan rikicin kuɗin aiki, kotu ta sallame shi da 'yar tara. Masu yabon hannunsa ba su cika ambaton wannan shari'a ba.

Ya rasu a Johannesburg a 1987.